Wai Ba'adara Za a Koya wa Damun Fura?

Na gan ka, Malam. Kana zaune bakin titi a Tawa, ka harɗe kan tabarma, butar shayi na kan garwashi, sai ga mata sun ɗauro goyo sun yi jerin gwano sun nufi likita. Wata da ludayi, wata da ƙullin gero a bakin zane, wata da 'yan itace a ka. Ka tambaya ko suna ake yi. Aka ce maka a'a, yau ranar koyon girki ce. Ka kwashe da dariya har shayi ya sarƙe ka.

Ka ce, "Girki? Mi za a koya ma Ba'adara a girki? Matar da tun tana shekara bakwai take riƙe da taɓarya? Ko Anasara ya gano wata hanyar dama hura da ba mu sani ba?"

Sha ruwa tukuna, kada mu rasa ka. Rabin maganarka gaskiya ce, ni kuma ba na cin haƙƙin mutum, ga rabinka. Babu mai koya wa uwargidanka tuƙin tuwo. Duk wanda ya taɓa sa hannu a miyar guro da gabu da daudawar batso a wani gida na Kalfu ko Afala ya san ba a nan gizo ke saƙa ba. Macen da ke ciyar da mutum goma da cefanen da kake miƙa mata kana kau da kai, ita ya kamata ta buɗe makaranta, kai ka zo da allo. Sai dai tukunyar da ake magana a kanta ba taka ba ce. Ka saba duk abin da aka ɗora a murhu da sunanka aka ɗora, shi ya sa ka tsargu. Wannan 'yar ƙaramar tukunya ce, ta wancan ɗan tsugul ɗin da ke rarrafe a bayanka yana cin ƙasa, wanda ya wuce wata shida bai kai shekara biyu ba.

Ka ce ai yana shan kunu? Yana sha, na gani. Ɗebo kunun nan da cokali ka karkata. Ya zube tas? To ruwa ne da aka nuna masa gero daga nesa. Cikin ɗan wata bakwai ko takwas bai wuce ya ɗauki rubu'in lita a zama guda ba. In an cika shi da tsararon kunu, yaro ya yi gyatsa, ya yi barci, uwa ta yi hamdala, alhali jiki bai samu abin gina ƙashi da tsoka da ƙwaƙwalwa ba. Kai in fura ta zo maka da ruwa-ruwa, ƙwarya biyu kake ɗagawa ka cike gurbi. Shi ina zai zuba ta biyun? Abin da ake nunawa a wurin da kake wa dariya ke nan. A soya gero sama-sama, a soya wake a fitar da ɓawo, a haɗa da gujiya ko ƙuli-ƙuli a niƙa, a dama da kauri yadda zai tsaya a cokali, a ɗiga mai, a barbaɗa garin zogale in akwai. In kaurin ya yi wa jariri yawa, ba ruwa ake ƙarawa ba, ɗan garin tsiron gero ake zubawa, ya sassauta kunun bai rage masa ƙarfi ba. A ba shi sau biyu ko uku a yini daga wata shida, in ya kai wata tara a kai uku ko huɗu, ban da nono da 'yan taɓe-taɓe. A kwanonsa shi kaɗai kuma, don in ka tura shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya gama nazarin lomar farko sun siɗe har gefe.

Kada ka yi mini fuskar wanda bai gane ba. Kai ne fa babban masanin abinci mai gina jiki a unguwarku, sai dai iliminka a turke ya ƙare. In Layya ta gabato, ragon nan naka ba kara zalla kake zuba masa ba. Ka san harawa, ka san dusa, ka san kowar wake, ka san kanwa da gishiri, ka san sau nawa zai ci da sau nawa zai sha, har tashi kake da dare ka haska shi da tocila. Wani ya ce maka ka ba shi tattaka kawai tunda ita ma tana cika ciki, sai ka ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. To ga ɗanka can kan tattaka tun watan jiya.

Ka ce abin 'yan furoje ne, Nasara ya kawo? Labarin ya fi haka daɗi. A 1990 wasu mata da miji, Jerry da Monique Sternin, suka je Biyetnam aikin ƙungiyar Save the Children. Ba su sauke buhuna ba. Ƙauyuka suka shiga suna neman abu ɗaya: gidan talaka tilis wanda 'ya'yansa ke cikin ƙoshin lafiya. Suka kuwa samu. Da suka zauna suka zuba ido, sai ga shi babu wani asiri. Matan gidajen nan suna tsinto ƙananan jatan lande da ƙaguwa a gonakin shinkafa, suna tsinko ganyen dankali, abubuwan da maƙwabta ke ganin ba na yara ba ne, kuma suna ciyarwa sau uku sau huɗu inda wasu ke yin biyu. Sai aka ce musu, to ku koya wa maƙwabtanku. Wannan dabara ce ta zagayo har ƙauyukan Nijar, ma'aikatan lafiya na kiranta FARN, matan da ke jan ragamar kuma maman lumiyar. Kwana 12 ake yi. A auna yaro ranar farko, a auna shi ranar ƙarshe. Kowace mace ta zo da ɗan abin da ke ɗakinta, a haɗa, a dafa tare, yara su ci nan take. Malamar ba daga Faransa ta sauka ba. Maƙwabciyarku ce, wadda mijinta ya fi ka talauci, har bashin sukari yake ci wurinka, amma ɗanta ya fi naka kumatu. Abin da ke maka ciwo ke nan, faɗi gaskiya.

Na ga ka gyara zama, ka jawo babbar gora. "Talauci ne, ba jahilci ba. Ku ba mu hatsi, ku riƙe wa'azinku. Wa ke dafa magana?"

Nan kam na sara maka. Ba a dafa magana. Ƙasar da ruwan samanta bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kan duwatsu da faƙo, ba a yi mata gorin rumbu. Adar ta san yunwa har da sunayenta. Kakanni sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, iyaye sun ga ta 1973 da 1974, sun ga El Buhari ta 1984. Mu kuma mun ga 2005, bayan fari da fara sun haɗa baki a daminar 2004, lokacin da shugaban ƙasa Tanja Mamadu ke cewa babu yunwa, likitocin MSF kuma suna karɓar yara masu tamowa mai tsanani sama da 60,000 a shekara guda. Wanda ya tara matan da rumbunsu ya ƙare tun kafin shuka, ya ce zai koya musu haɗa abinci kala-kala hannu rabbana, wasa yake da hankalin mutane.

Bari ma in wasa maka wuƙar. A 2010, da wata yunwar ta sake leƙowa, ƙungiyar Concern ta ƙasar Ayalan ta raba kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wajen jika 22 a wata har wata biyar, akasari a hannun mata. Wasu aka miƙa musu hannu da hannu bayan sun sha tafiya sun bi layi, wasu aka tura musu ta wayar salula, ta hanyar nan da ake kira Zap a lokacin. Wata masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Tufts a lokacin, Jenny Aker, ita da abokan aikinta suka bi diddigi. Kuɗi iri ɗaya, amma gidajen da nasu ya shigo ta waya sun fi cin abinci iri-iri, sun fi cin wake da mai. Ga hujjarka nan, kuɗi na aiki. Tsaya, kar ka yi saurin tafi. Me ya bambanta su? Masu binciken sun kawo dalili biyu. Na farko, matan ba su kashe yini a hanya da layi ba. Na biyu, kuɗin da ya shigo shiru cikin waya, ba tare da duk gari ya ga mace ta dawo da shi a ƙulle ba, ya ba ta bakin magana kan yadda za a kashe shi. Wato da aka ɗan kauce wa aljihun wani bawan Allah, sai wake ya shiga tukunya. Ban kama suna ba. Me ya sa kake kallon ƙasa?

In kuma hatsi kaɗai ne magani, gaya mini abin da ya sa a 2005 ɗin jihar Maraɗi, rumbun ƙasar nan, ta fi kowa cika cibiyoyin tamowa. Gaya mini abin da ya sa Madawa da Buza, inda kwarin Tarka da na Majiya ke fid da albasar da ake lodi zuwa Abijan da Akara, suka daɗe ba su rabu da ɗakin kwantar da masu tamowa ba. Cikin yara goma 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar, sama da huɗu sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma ba dukansu ne 'ya'yan marasa rumbu ba.

"Mu da hura muka tashi, ga mu ƙatta." Masha Allah, ƙato. Je ka gaida Inna, ka durƙusa, ka tambaye ta cikin ladabi haihuwa nawa ta yi, nawa suka rayu. Binciken ƙasa na 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Kai cikin waɗanda suka tsira kake, sauran kuwa ba sa zama majalisa balle su ba da nasu labarin furar. Sannan furar da ka sha ba ita ɗanka ke sha ba. Taka da nonon shanun gida aka dama ta. Farin 1973 da na 1984 sun share garkuna, daji ya ja baya, ta yau a gidaje da yawa farau-farau ce, sai sunan. Kakarka kuma ta san tafasa da yaɗiya da jiga da gasaya da lalo da rama, ta san lokacin kowanne, ta shanya ta adana don rani. Jikarta ta fi sanin dunƙulen magi da maka, wato makaroni, da garin rogo, don su kake kawowa. Rabin darasin nan kayan kakarka ne aka dawo maka da su, kai kuma kana rantsuwa na Nasara ne.

Ka ce ganye abincin yunwa ne, gidan mutunci ba ya yini kan kwaɗo? Na san inda ka samo wannan. Wanda ya taɓa jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita ba ya son a tuna masa. Amma tamaka, wato zogale, ba ta yi maka laifin komai ba. Kwaɗonta da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai, wanda ake tallarsa a bakin tasha, ya fi farantin makar da kake ci kana hura hanci amfani a jikin yaro da mai ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abincin yaro gida takwas, ta ce a samu biyar a yini. Kar ka zaro ido, ba kanti za a aike ka ba. Nonon uwa gida ɗaya ne, kuma kyauta. Gero na biyu, wake ko gujiya na uku. Zogale, ko kabewa, ko mangwaro in lokacinsa ne, ka samu huɗu. Na biyar fa? Ɗan nono, ko ɓallin cukun Abalak a daka, ko busasshen kifin Tabalak, ko farar nan da kake ci da yaji kana hira, a cire ƙafa da fiffike a dake ta a zuba a kunu. Ko ƙwai.

Au, na taɓo wurin. Yaron da aka ba ƙwai ɓarawo zai zama, ko? To Malam, kai da kake tsayawa wurin mai shayi kowace safiya a fasa maka uku a soya da albasa, me ka sata? Faɗa mini, ba zan kai ka ko'ina ba. In ba ka saci komai ba, ashe ƙwai ba shi da laifi. In kuwa ka sata, a bar kaza cikin gashinta. Da damina zabi na zuba ƙwai a ƙauyukan Adar, a tara a ƙwarya a kai bakin kwalta a sayar wa matafiya, 'ya'yan matafiya su ci su yi ɓul-ɓul, ɗan mai zabi ya bi ƙwaryar da kallo. Manyan ɓarayin da suka gagari ƙasashe, ban ji wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce ƙwan zabo ne ya ja shi ba. Ni dai zargina, wanda ya ƙago wannan camfi yana da kaji, kuma yana da 'ya'ya masu saurin hannu.

Tunda mun biyo ta teburin mai shayi, guntun shayin da kake ɗura wa yaro don ya yi shiru yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, rashin ƙarfen kuma shi ke kan gaba wajen kawo ƙarancin jini. Lemun tsami da ɗanyen tumatir da garin 'ya'yan kuka su taimakawa suke. Har gero aka yi don wannan matsala: Chakti, wanda masu binciken ICRISAT da INRAN suka fitar a Nijar a 2018, mai ƙarfe fiye da wanda aka saba, mai saurin nuna. Ba ka taɓa jin sa ba? Wanda ya ci wa Barcelona ƙwallo daren jiya fa, shi ma ba ka ji ba?

Ka ce zafin Tawa fa, watan huɗu da na biyar, rana na dukan tsakar ka, a ce jariri kada ya sha ruwa har wata shida? Rashin imani ke nan! Sassauta murya, Liman na jin ka. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne, ruwan da bai kwana a randa ba, bai bi ta jarka ba. Mai bukatar moɗa biyu ita ce uwar. Ita za ka ba, shi ya karɓa daga gare ta. Ruwan da ake ɗura masa don tausayi yana tare gurbin nono, sau da yawa kuma da zawo yake zuwa a rakiya. Binciken 2012 ya samu jarirai 23 kacal cikin ɗari ke shan nono zalla a ƙasar nan. Haka dakashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar wai mugu ne, shi ne rigakafin farko da Allah ya aiko tare da yaron, ba a biya ko dala ba. Shekara biyu ta shayarwa kuwa ba lokotoro ya fara faɗa ba, tana cikin Suratul Baƙara, tambayi malaminka.

Wannan hurumin Inna ne, ka ce, ita ke ba da bauri, ita ke yanke ranar yaye, kai ba ka ja da mahaifiyarka. Madalla da ɗa na gari, ni ma ban ce ka ja ba. Amaryar da ta dawo daga likita da sabon karatu ba za ta iya buɗe baki gaban uwar miji ba, ko da hatimin gwamna ta zo. Shi ya sa darasin da aka tara masu goyo zalla aka bar tsofaffi a gida rabin aiki ne. A gayyato Inna, a shimfiɗa mata tabarma a gaba, a ba ta ludayi ta ɗanɗana, a tambaye ta yadda ake shanya yaɗiya. Tsohuwar da aka girmama ta fi rediyo kai saƙo. Kai naka ɗaya ne, ka biya mata kabu-kabu.

Ka ce in yaro ya rame ai akwai biskit a likita, kyauta? Akwai. Plumpy'Nut sunansa, wani masanin abincin yara ɗan Faransa, André Briend, da kamfanin Nutriset suka haɗa shi a 1996, ƙunshi ɗaya giram 92, kuma tun 2005 ana yin sa a Yamai. Ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Me ke ciki? Madarar gari, sukari, mai, sinadarai, da gujiya, 'yar'uwar wadda ka sayar da kaka a arha. Amma magani ne. Ana ba da shi in an ɗaura ma'aunin nan mai launi uku a damtsen yaro ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, wato ya kusa gargara. Tsarinka ke nan, a jira ja? Tsawon da ya tsere wa yaro da kaifin kan da ya dushe a shekaru biyun farko, da wuya biskit ya maido su duka. Mai ba ka kyauta kuma yana da ranar gajiya: a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, wadda ke cikin manyan masu sayen wannan abinci a duniya, aka koma ƙirga katan a ƙasashe da dama. Af, wani mai gemu da aka gani yana matsa ƙunshin cikin burodi, ban ce kai ne ba. Kama ce kawai.

Kai ba ka ma gari, kana bida? Na sani. Ba'adare da tafiya sai Allah: Abijan, Legas, Kamaru, Libiya, Aljeriya, babu inda ba a jin Adaranci. Ba yawon banza ba ne kuma, guminka ke riƙe da gida. Amma kafin ka hau mota ka liƙe rumbu da laka ka ce kar a taɓa sai shuka, ka bar mata 'yan tiyoyi da "Allah shi rufa asiri". Na gane hikimar, hatsin noma ake tanadi. Sai dai ɗan wata goma bai san kalandar noma ba. In ka turo ta Nita ko Al Izza, saƙon murya na biye: a ba wane, a biya wane, a ajiye na siminti, a ajiye na kwanon rufi. Ka taɓa ƙarawa da cewa ga jika ɗaya ta waken yaro da mai, kar kowa ya taɓa? Daƙiƙa nawa wannan zai ci maka a WhatsApp?

Namiji a wurin girki, sai a ce mijin-ta-ce? Kai jama'a! Wa ke gasa tsire? Wa ke shanya kilishin Madawa da ake tsaraba da shi? A ɗakin 'yan bida a Abijan, wa ke dafa muku shinkafa da wake, aljani? Kun iya sarai. Girkin da ake biya, ko wanda babu mace kusa, na maza ne, wanda za a yi wa ɗan cikinka ne kawai abin kunya. Lokacin furojen Keita, da aka faro a 1984 da kuɗin Italiya, ana ɗaukar duwatsu a ka ana jerawa kan tuddai don tare ruwa, mata ne suka fi yawa a filin, maza na bida. Ban ji wanda ya aiko da wasiƙa ya ce ɗaukar dutse aikin maza ne a jira shi ba. Ba a ma ce ka riƙe muciya ba. Makarantar mazaje da aka faro a jihar Damagaram da tallafin UNFPA, ta bazu har nan, zama ce irin wadda ka ƙware a kai: maza a inuwa suna zuba. Bambancin kawai, ana tashi da shawarar wa zai kai mai ciki awo.

To, don kar ka ce na zama ɗan korensu, bari in juya gorar. Akwai darasin girkin da ya cancanci dariyarka, har ma in taya ka. Wanda aka zo da mota mai sanyi, aka sauke madarar gwangwani da kifin gwangwani da kayan lambun da ba a taɓa gani a kasuwar ƙauyen ba, aka dafa, aka ɗauki hoto, aka tafi. Wanda aka sa ranarsa tsakiyar noman farko. Wanda ya manta cewa matar nan, kafin ta dama kunu na musamman sau huɗu, sai ta yi surfe da daka, ta jawo ruwa daga rijiya mai zurfi, ta nemo itacen da kullum ƙara nisa yake. Wanda ya mutu ranar da kuɗin furoje suka ƙare, aka bar allo mai tsatsa a bakin gari. Na kirki shi ne wanda aka yi da abin da ke kasuwar garin a watan da ake ciki, a irin tukunyar gidan, aka nuna wa mata su soya su niƙa garin mako guda su ajiye, aka kuma haɗa shi da akuya ko ɗan lambu ko asusu. Mata Masu Dubara, da CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991, sun nuna mata na iya tara dala-dala su ranta wa juna, har ƙasashen duniya suka kwaikwaya. Kuma duk kaurin kunu ba ya zama a cikin da zawo ke wankewa. A wanke hannu da sabulu, kar a ba yaro wanda ya yini a buɗe ƙudaje na zaman makoki a kai, a kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓin damina, don watannin da rumbu ke ƙarewa su ne watannin da sauro ke biki.

Ka ce to mi kake so in yi, tunda ka hana ni shan iska? Kaɗan ne. Waken da ka noma, kar ka auna wa 'yan kasuwa duka da kaka, bar na yaro. Ranar Lahadi kasuwar Tawa na ci, sayi ƙuli-ƙuli da 'yar kwalbar mai da busasshen kifi, ka kai gida da hannunka, ka ce na wane ne. In kana jin kunyar abokai su gan ka da ƙulli, ce musu ɗan kokowa kake reno, takobin shekara ashirin masu zuwa kake wa tanadi. Babu Ba'adaren da zai yi maka dariya a kan takobi. Mace ce? To ce musu lokotoro kake reno, wadda za ta riƙa auna ka kyauta, su kuma su bi layi.

Lahadi ba ka da sukuni? Malam, kai da kake yini a kasuwar bisashe kana taya raƙumin da ba za ka saya ba?